Ƙaya, mugunya da kaluluwa: me ya sa fararen ƙwayoyin jinin ɗana suka hau?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara tara ya taka ƙaya a gona. Bayan kwana uku wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ya tara mugunya, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ga kuma zazzaɓi. A asibiti aka tsaga wurin aka ba shi magani. An kuma ɗebi jininsa, aka ce fararen ƙwayoyin jini sun kai 16,000, mafi yawansu waɗanda ake kira nutrofil. Yanzu ya samu sauƙi, amma maganar jinin nan ta tsaya mini a rai. Wata cuta ce daban? Ita kuma mugunya, naman jiki ne yake ruɓewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Bari in fara kwantar maka da hankali: bisa abin da ka bayyana, hauhawar fararen ƙwayoyin jinin nan ba wata cuta ba ce daban. Jikinsa ne ya yi abin da ya kamata ya yi. Da a ce ƙafa ta yi irin wannan kumburi, ga zazzaɓi, sannan aka auna aka tarar nutrofil sun yi ƙasa sosai, to a nan ne hankalina zai tashi.

Garkuwar jiki kashi biyu ce. Akwai wadda take koyo: ta ga cuta, ta gane ta, ta ƙera makami daidai da ita, ta kuma riƙe ta a rai shekara da shekaru. Ita ce allurar rigakafi take horarwa. Matsalarta ɗaya, ba ta da hanzari. Idan cuta sabuwa ce a wurinta, sai ta yi kusan mako guda kafin ta shirya. Ita kuwa bakteriya ba ta jira. Irin wadda ta fi haddasa maruru da ƙurji, Sitafilokokus, idan ta samu wuri mai ɗumi da abinci tana iya rabuwa biyu duk rabin sa'a. Yi lissafi da kanka: guda ɗaya, cikin sa'a goma sha biyu, ta haura miliyan 16. Wa zai tare ta har mako ya zagayo? Wannan aikin kashi na biyu ne, garkuwar da aka haifi mutum da ita. Ba ta bukatar koyo, ba ta tambayar sunan baƙo, tana ganin alamar ba ɗan gida ba ne sai ta far masa. Duk abin da ka gani a ƙafar ɗanka a kwanaki ukun farko aikinta ne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon, ƙaya kuma ta tsaga shi, ta shiga da ƙwayoyin cuta na ƙasa da waɗanda dama suke zaune a kan fatar. A ƙarƙashin fata akwai masu gadi da ba sa barin wurin. Manya a cikinsu su ne makrofaj, sunan da asalinsa daga Girkanci yake, ma'anarsa babban maci. Kusa da su, a gefen ƙananan jijiyoyin jini, akwai ƙwayoyin mast, cike da 'yan buhunan sinadarai, musamman histamin.

Yadda waɗannan masu gadi suke gane baƙo abu ne da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Amsar ta fito ne daga wurin da ba a zata ba, daga ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. A 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a birnin Strasbourg na Faransa suka nuna cewa ƙudan da aka lalata masa wani furotin mai suna Toll, funfuna ce take cinye shi har ya mutu. Bayan shekara biyu, Bruce Beutler a Amurka ya gano cewa ɗan'uwan wannan furotin a jikin ɓera shi ne yake jin wani sinadari da ke bangon bakteriya da yawa. Ɗan Adam yana da irinsu guda goma. Wani yana gane bangon bakteriya, wani yana gane jelar da take iyo da ita, wani yana gane ƙwayar gadon bairos. Hikimar da ke ciki ita ce, abubuwan da suke nema abubuwa ne da ƙwayar cuta ba ta iya rayuwa ba tare da su ba, kuma babu su a jikinmu. Ɓarawo yana iya sauya riga, amma ba ya iya barin ƙafafunsa a gida.

Da makrofaj ya ji wannan alama, sai ya haɗiye abin da ya iya haɗiyewa, ya kuma saki sinadaran gangami da ake kira sitokin. Ƙwayoyin mast su zazzage histamin. Ƙananan jijiyoyin wurin su buɗe, jini ya kwararo, shi ya sa wurin yake ɗaukar zafi, kuma a fata mai haske har ja yake yi. Bangon jijiyoyin ya saki, ruwan jini ya tsattsafo cikin nama, wurin ya kumbura. Wasu sinadaran su taɓa jijiyoyin ji, yaro ya kasa taka ƙafar. Wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa waɗannan alamomi huɗu tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce: ja, zafi, kumburi, ciwo. Har yau da su muke koyar da ɗalibai. Shi ruwan da ya tsattsafo ɗin ma ba banza ba ne. Yana ɗauke da wasu furotin da hanta take ƙerawa, masu manne wa bakteriya don a ji daɗin haɗiyarta, wasu kuma su huda ta.

Yanzu ga waɗanda ka tambaya a kai. Nutrofil su ne suka fi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. A ɓargo ake yin su, kuma adadin da ɓargon mutum ɗaya yake fitarwa a kowace rana ya kai kimanin biliyan 100. Ba su da tsawon rai. Suna zagayawa a jini na ɗan lokaci kaɗan, in ba a kira su aiki ba su mutu a maye gurbinsu. Ɓargo kuma yana da rumbu na waɗanda suka riga suka nuna, suna jiran kira.

Tafiyarsu zuwa fagen fama tana burge ni har gobe. Jini gudu yake yi da su, to yaya za su san inda za su tsaya? Bangon jijiyar da ke kusa da ciwon ne yake sauyawa, ya fito da wasu 'yan ƙugiyoyi masu danƙo. Nutrofil da ya zo wucewa ya ɗan maƙale, ya saki, ya sake maƙalewa, yana mirginawa a hankali har ya tsaya cak. Daga nan ya baje jikinsa, ya kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon, ya fita cikin nama. Sai ya bi ƙanshin sinadaran gangami, inda ya fi ƙarfi nan ya nufa, har ya isa bakin ƙayar. Na farko suna isa cikin abin da bai kai sa'a guda ba, kafin yini ya ƙare sun yi dafifi.

Idan nutrofil ya cim ma bakteriya, yana miƙa jikinsa ya kewaye ta, ya rufe ta cikin wata 'yar jaka a cikinsa. Sai ya watsa mata guba. Daga iskar da muke shaƙa yake haɗa sinadarai masu ƙuna, kuma wani inzayim nasa, wato furotin mai haɗa sinadarai, mai suna mayeloferoksidas yana haɗa su da gishirin jiki ya samar da sinadarin da ke cikin ruwan bilic, irin wanda mata suke jiƙa fararen kaya da shi. Wannan inzayim launinsa kore ne. Shi ne yake sa mugunya da majina su yi tsanwa-tsanwa. Akwai yaran da ake haifa nutrofil ɗinsu ba ya iya haɗa wannan guba: yana haɗiye bakteriya amma ba ya iya kashe ta, sai ka ga ƙurji bayan ƙurji, a fata, a hanta, a huhu. A 2004 kuma masu bincike a Balin na Jamus suka bayyana wata dabarar ta daban. Nutrofil yana iya warware zaren gadon da ke cikinsa ya jefa shi waje kamar komar masunta, haɗe da guba, ƙwayoyin cuta su sarƙe a ciki. Galibi a nan ransa yake ƙarewa.

To ka ga amsar tambayarka ta biyu. Mugunya mafi yawanta gawarwakin nutrofil ne, haɗe da bakteriya matattu da masu rai, da ruwan jini, da ɗan naman da ya narke. Akwai gaskiya kaɗan a zatonka, domin gubar nutrofil ba ta bambanta baƙo da ɗan gida, tana cin naman da ke kewaye. Amma abin da ka ga ya fito da aka tsaga ƙafar, mafi yawansa mayaƙan yaron ne da suka gama aikinsu.

Labarin ƙayar ɗanka ma ya yi daidai da yadda wannan ilimi ya fara. A 1882 wani masanin dabbobi ɗan Rasha, Iliya Mecnikof, yana zaune a garin Messina na tsibirin Sisili yana nazarin jariran wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda jikinsu garai yake ana ganin cikinsa. Ya tsinko ƙayoyi a lambu ya soka musu. Washegari ya duba a madubin ƙara girma, ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya kafa hujja cewa kumburi yaƙi ne jiki yake yi. Masana da yawa a zamaninsa suka ƙi yarda, don suna ganin fararen ƙwayoyin jini su ne ma suke yaɗa cutar. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich na Jamus.

Mu koma kan takardar gwajin. A babban mutum, fararen ƙwayoyin jini sukan kasance tsakanin 4,000 da 11,000 a cikin mikrolita ɗaya, wato ɗan ɗigon da bai kai kan allura ba. Na yara yakan ɗan ɗara haka. Sitokin da suka fito daga ƙafar sun bi jini sun isa ɓargo, ɓargo ya buɗe rumbu ya kuma ƙara ƙaimi, shi ya sa aka ga 16,000. Na san abin da yake zuwa ran iyaye idan aka ce fararen ƙwayoyi sun yi yawa, wato sankarar jini. Ita tana zuwa da wasu alamu: ƙarancin jini, zubar jini daga dasashi ko hanci, ciwon ƙashi, zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba, kuma idan aka shafa jinin a gilashi aka duba, ana ganin ɗanyun ƙwayoyi da ba su nuna ba. Yaron da yake da ƙurji a fili, nutrofil ɗinsa nunannu ne, ya kuma warke da aka tsaga, labarinsa daban ne.

Kada kuma a ɗauki adadin nan a matsayin alƙali. Taifot sau da yawa ba ta ɗaga shi, har takan saukar da shi. Zazzaɓin cizon sauro ma haka. Cututtukan bairos sun fi ɗaga wasu ƙwayoyin daban da ake kira limfosayit. Gudu, firgita, da juna biyu duk suna iya ɗaga nutrofil ba tare da wata cuta ba. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani furotin mai suna Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da yake ba su kariya daga wani nau'in maleriya da ake kira baibas. Masu wannan hali sukan kasance da nutrofil kaɗan a jini fiye da Turawa, alhali lafiyarsu ƙalau, kuma ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Ma'aunin da ke littattafai da yawa daga jinin Turawa aka ɗauko shi. Na sha ganin wanda aka tsorata da cewa garkuwarsa ta yi ƙasa, alhali haka Allah ya yi shi.

Bayan nutrofil da kwana ɗaya ko biyu, wasu fararen ƙwayoyi da ake kira monosayit suke isowa daga jini, su rikiɗa su zama sababbin makrofaj. Waɗannan suna da tsawon rai, kuma aikinsu ya wuce kisa. Su ne suke kwashe gawarwakin nutrofil, kuma wannan kwasar ita ce take juya su daga gangami zuwa gyara: su daina kiran mayaƙa, su fara kiran masu ɗinke nama. Ciwon da wannan juyi ya gagara a cikinsa shi yake zama gyambo.

Makrofaj suna ko'ina. A hanta suna tace jinin da ya taso daga hanji. A huhu suna haɗiye ƙurar da muke shaƙa, ka tuna yawanta a lokacin hunturu. Akwai su a ƙwaƙwalwa. A saifa kuwa suna tsince bakteriya daga cikin jini, musamman masu sanye da wata riga mai santsi da take hana a kama su, irin masu haddasa namoniya da sanƙarau. Wannan ne dalilin da ya sa muke matsa wa iyayen yara masu sikila. Saifarsu tana lalacewa tun suna ƙanana saboda yawan toshewar jijiyoyinta, sai matatar ta tashi daga aiki. Shi ya sa ake ba su penisilin kullum a shekarun farko, ake cika musu alluran rigakafi, kuma zazzaɓi a jikinsu ba abin a jira wayewar gari ba ne. Wasu ƙwayoyin cutar kuma sun koyi zama a cikin makrofaj ɗin kansa. Ta tarin fuka ita ce gwana: a haɗiye ta, ta hana a watsa mata guba, ta mai da cikin mai gadi ɗakin kwana. Abin da jiki yake iya yi shi ne ya kewaye wurin da katanga ta ƙwayoyi, ta zauna a kulle shekaru, ranar da garkuwa ta yi rauni ta ɓalle.

Zazzaɓin ɗanka ma daga makrofaj ya taso. Sitokin ɗinsu suna isa wani sashe na ƙwaƙwalwa da yake daidaita ɗumin jiki, sai ya ɗaga ma'aunin. Jiki ya ga kamar yana cikin sanyi, ya kama rawar ɗari don ya cim ma sabon ma'auni. Farasitamol yana saukar da ma'aunin ne kawai, bai taɓa bakteriya ko ɗaya ba.

Kaluluwa kuwa labarin wata ƙwayar ce mai rassa kamar bishiya, dendiritik. Ralph Steinman ne ya gano ta a 1973 a Jami'ar Rockefeller da ke Niyok. An sanar da ba shi kyautar Nobel ta 2011 tare da Hoffmann da Beutler, ashe ya rasu kwana uku kafin sanarwar, masu bayarwa ba su sani ba. Aikin wannan ƙwaya ɗaukar rahoto ne. Ta tsinci guntun bakteriya a bakin ciwon, ta bi hanyar ruwan jiki har zuwa 'yan ƙulluttukan da ke matsematsi, ta nuna wa limfosayit abin da ta gani. Waɗanda suka dace da wannan baƙo su fara hayayyafa, wurin ya cika ya kumbura. A nan ne garkuwar haihuwa take miƙa aiki ga garkuwa mai koyo. Ciwon ƙafa yana ta da ta matsematsi, na hannu ta hammata, na maƙogwaro ko haƙori ta wuya. Tana iya ɗaukar 'yan makonni kafin ta koma. Wadda take bukatar a duba ita ce mai tauri, marar ciwo, da ta wuce wata guda tana ƙara girma.

Sauran ƙwayoyin ba su taka rawa sosai a ƙafar ɗanka ba, amma za ka ga sunayen wasu a takarda. Iyosinofil na tsutsotsi ne, waɗanda suka fi ƙarfin haɗiya, sai dai a manne musu a zuba musu guba. Idan suka hau a jinin yaro a ƙasarmu, tsutsar ciki da tsargiya nake fara tunani, sannan asma. Basofil ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma tare da mast su ne ke bayan borin jini da ƙaiƙayin cizon ƙwaro. Akwai kuma ƙwayoyin NK, wato natural killer a Turance, makasan da aka haifi mutum da su, da aka bayyana a 1975. Su ba baƙo suke nema ba. Kowace ƙwaya lafiyayya a jikinmu tana ɗauke da shaidar zama 'yar gida. Bairos da ciwon daji sukan sa ƙwaya ta ɓoye wannan shaida, NK kuma duk wadda ya tarar babu shaida sai ya huda ta ya sa ta kashe kanta.

Garkuwar nan tana da sauri amma ba ta da taushin hannu, kuma idan gangamin da ya kamata ya tsaya a tafin ƙafa ya game jiki duka, ita kanta take kisa. Jijiyoyi su buɗe ko'ina, ruwa ya tsiyaye, matsin jini ya faɗi, ƙoda da huhu su kasa. Wannan shi ake kira sefsis. A sanƙarau ma ɓarnar da ke samun ƙwaƙwalwa da kunne, da yawanta daga wannan yaƙi take fitowa, kuma nutrofil ne suke sa ruwan ƙashin baya ya yi gurɓi idan an zuƙo shi. Saboda haka, duk mai ciwo a fata da ka ga wani jan layi yana hawa daga wurin, ko kumburin yana yaɗuwa cikin sa'o'i, ko numfashi ya yi sauri, hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ragu, ko yaro ya yi laushi yana ta barci, a kai shi asibiti a daren. Jaririn da bai kai wata uku ba, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili, don rumbun ɓargonsa bai cika ba.

A ɗaya ɓangaren, akwai abubuwan da suke karya ta. Ciwon suga da ba a kula da shi yana sa nutrofil nawa wajen tafiya da kisa, shi ya sa 'yar ƙaya a ƙafar mai suga take kai wa ga yanke ƙafa. Tamowa tana raunana ta, haka magungunan ciwon daji da suke kwantar da ɓargo. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne desametason da firedinisolon da ake saye a kemis don a yi ƙiba, da mayukan bilicin masu ɗauke da irinsu. Waɗannan magunguna suna hana nutrofil manne wa bangon jijiya su fita zuwa inda ake bukatarsu. A takarda sai ka ga adadinsu ya hau, a nama kuwa babu mai gadi, ga shi sun rufe zazzaɓi da kumburin da za su tona asirin cutar da wuri. Garin neman ƙiba an samo rama.

Game da abin da aka yi wa ɗanka, tsagawar nan ita ce babban maganin. Idan mugunya ta taru, jiki yana yi mata katanga, jini ba ya shiga tsakiyarta, maganin da aka sha ma ba ya isa can yadda ya kamata. Sai an fitar da ita. Amma fitarwa daban, matsewa da ƙarfi daban, don matsewa tana iya fasa katangar ta tura bakteriya cikin jini. Marurun da ya fito tsakanin hanci da leɓen sama kada a taɓa shi ko kaɗan, jijiyoyin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Abu biyu nake so ka bibiya, Malam. Ka tambaya ko an yi masa allurar tetanus, domin ciwo mai zurfi da ƙasa a ciki shi ne irin wurin da ƙwayarta take so, kuma gubarta ta fi ƙarfin nutrofil. Sannan idan wurin ya rufe ya sake fashewa, ko mako biyu suka wuce yana ɗingishi, a koma a duba ko guntun ƙaya ya rage a ciki ko ciwon ya taɓa ƙashi. In kana so zuciyarka ta natsu game da jinin, a sake gwajin bayan mako biyu ko uku da warkewa, a lokacin ya kamata adadin ya koma daidai.